Taron ƙarfe 9 na Litinin

Yau da hantsi wata Hajiya a sashen kuɗi ta kira ni, wai kalandarta ta Outlook ta ishe ta. Tunatarwar wani taron ƙarfe 9 na duk Litinin ke ta faɗo mata, ta rufe ta dawo, gogewa kuma ta ƙi. Na gwada /cleanreminders, umarnin da ke sa Outlook ta share tunatarwa ta sake jera su, shiru. Haka yakan faru idan an daɗe ana gyara taro mai maimaituwa, yau a waya gobe a kwamfuta, har bayanansa su cakuɗe. Dole na buɗe MFCMAPI, wata manhaja da ke nuna ɓoyayyun bayanan Outlook, na shiga can cikin akwatin saƙonta na lalubo taron. Na kai hannu zan goge ke nan, idona ya faɗa kan sunan wanda ya kira taron: tsohon shugabansu da ya rasu bara. Allah ya jiƙansa.

Na juyo na ce, "Hajiya, in na cire shi ta nan, ya tafi ke nan fa." Ta yi shiru tana kallon allon, can ta ce, "Ɗan nan, bari in ɗauki hotonsa tukuna." Ta ɗaga waya ta ɗauka, ta ce bismillah. Dannawa ɗaya ya ɓace. Ni da na shigo da niyyar kwashe shara, sai ga shi na fita jikina a sanyaye. Har yanzu Litinin mai zuwa nake tunani, ƙarfe 9 za ta yi, kwamfutarta ba za ta ce mata komai ba.