Idan ƙaramar kwamfuta ta yi nauyin tashi

Aikin shagonmu a Ringim shi ne haɗa ƙananan kwamfutoci irin Raspberry Pi masu lura da injin rijiyar burtsatse mai aiki da sola. Batir na yin sanyi na'urar ta mutu, rana na fitowa ta sake tashi, don haka nauyin tashinta ba ya ɓoyuwa, masu ɗiban ruwa suna tsaye da jarkoki.

Ba ma taɓa komai sai mun auna. Muna jona kebul ɗin siriyal (wanda ke kai saƙonnin na'urar zuwa wata kwamfuta) mai bolt 3.3 a ƙafa ta 6, ta 8 da ta 10 na allon Pi, a gudun bit 115200 a sakan ɗaya, mu ƙara printk.time=1 da initcall_debug a cmdline.txt, fayil ɗin umarnin tashi. Daga nan kowane layi da kenel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ya rubuta zai fito da lokacinsa, sai a nemi inda lamba ta yi tsalle. Amma a kula, kebul ɗin kansa yana cin lokaci: haruffa wajen 11,500 yake ɗauka a sakan ɗaya, kenel kuma yana jiransa. Da an gama bincike sai a mayar da kalmar quiet a cmdline.txt, mai rage yawan rubutun kenel.

Sau da yawa ma ba laifin kenel ba ne, jira ake yi. Umarnin systemd-analyze blame shi ke tona asiri, domin yana nuna lokacin da kowane aiki ya ci wajen tashi. In ka ga sakan 90 cif, to an rubuta wani filashi wanda ba ya jikin na'urar a fstab, fayil ɗin jerin ma'ajiyoyin da za a buɗe wajen tashi. A sa masa nofail, don kada a tsaya jiransa. In 120 ne, systemd-networkd-wait-online ke jiran intanet, a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Kashe wannan aikin jiran muke yi. Kenel da sigarsa ba ta kai 5.4 ba kuwa yakan tsaya jiran saƙon crng init done, mai nuna cewa sashen samar da lambobin bazata ya shirya, maganinsa manhajar rng-tools ko a sabunta kenel ɗin.

Saura wuta da memori, wato katin SD. Da wuta ta sauka ƙasa da bolt 4.63, Pi zai rage gudu, umarnin vcgencmd get_throttled zai nuna. Yawanci siririn kebul mai tsawo ne sanadi, ba batir ba. Memorin jabu na bakin kasuwa kuma, da an yanke masa wuta bagatatan sai fsck, manhajar duba ma'ajiya, ya tsaya gyara kafin komai ya tashi. Shi wannan ba ma ɓata lokaci a kansa, sauya shi muke yi, sabon kuma mu kulle shi ya zama na karantawa kawai.