Laftof Ƙirar 2010 Mai RAM 2GB: Yadda Na Mayar Da Ita Bakin Aiki A Katsina

Kwamfutar laftof ce ta hannu, ƙirar 2010, mai furosesa Core i5-520M, RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta) 2GB da faifan ajiya mai juyawa na 250GB, tana ɗauke da Windows 7 mai 32-bit. Ta wani mai shagon buga takardu ce a wajen Ƙofar Ƙaura. Yana kuka da abu uku: tana daɗewa kafin ta tashi, shafukan intanet da yawa sun daina buɗuwa, kuma in rana ta take sai ta kashe kanta. Wani ya ce masa a sa mata Windows 11, wani ya ce ya sayar ya huta.

Kafin in ɗauki sukundireba na ce masa, "Alhaji, wane aiki ne in kwamfutar nan ta kasa yi, shago ya tsaya?" Ya ce buga takarda da Word, katin biki da CorelDRAW X7, sai cike fom da fitar wa ɗalibai sakamako a intanet. A kan wannan amsa na gina duk aikin. Word da CorelDRAW ba ruwansu da intanet, tsohuwar Windows ta ishe su. Cike fom kuwa ba ya yiwuwa sai da burauzar da ake sabuntawa, kuma nan ne Windows 7 ta gaza. Microsoft ta janye hannu daga gare ta ranar 14 ga Janairun 2020. Chrome ya tsaya mata a kan zubi na 109 tun farkon 2023, Firefox kuma a kan 115. Masu shafuka suna ta canza gininsu, burauzar tana nan inda aka bar ta.

Na fara da zafi, domin kwamfutar da ke kashe kanta tana iya mutuwa ana tsakiyar sa mata manhaja. Da na buɗe bayanta na tarar ƙura ta toshe tsakanin fanka da ƙarfen da iska ke bi, ta dunƙule da zare-zare ta zama dunƙule guda da na zare da ɗan yatsa. Wannan aikin hunturu ne, sai kuma zafin Afrilu da Mayu ya zo ya same ta a toshe. Na share da burushi, na goge tsohon man da ke kan furosesa wanda ya bushe ya farfashe, na ɗiga sabo kwatankwacin ƙwayar dawa. In za ka hura iska ka riƙe fankar da yatsa, kada ta yi ta juyi da ƙarfin da ya wuce nata.

Abu na biyu ƙarami ne, amma shi ke hana rabin shafukan buɗuwa: agogon kwamfutar yana komawa baya duk lokacin da aka cire caja. Ƙaramin batirin da ke riƙe kwanan wata ya mutu. Burauza tana gwada takardar shaidar tsaron kowane shafi da kwanan watan kwamfuta, in ta ga ba su dace ba sai ta ƙi shiga. A kwamfutar tebur batirin CR2032 ne tsirara, a laftof da yawa yana zuwa cikin roba da 'yar waya mai baki biyu. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu.

Sai RAM, inda mutane suka fi asarar kuɗi. Mai shagon ya riga ya sayo 4GB DDR3, aka sa, kwamfuta ta kunnu amma sikirin ya tsaya baƙi, sai aka ce masa ramin RAM ɗin ya lalace. Ramin lafiya lau yake. Da na duba takardar da ke manne a jikin RAM ɗin, an rubuta 1Rx8, kuma baƙaƙen ƙwayoyin da ke jikinsa takwas ne kacal, wato kowace tana ɗauke da rabin 1GB. Furosesa zubin farko na Core i3, i5 da i7, da kuma Core 2 Duo masu DDR3, ba sa gane ƙwaya mai girman wannan. A wurinsu 4GB sai wanda aka rubuta wa 2Rx8, mai ƙwaya 16, takwas gaba takwas baya. Mai sayarwa zai ce maka ai duk DDR3 ne, kuma gaskiya ya faɗa, zai shiga ramin tsaf, sai dai ba zai yi aiki ba. Muka musanya da 4GB 2Rx8 PC3-10600, na bar tsohon 2GB a ɗaya ramin, ta tashi da 6GB. Furosesan nan iyakarsa 8GB, kuma yana tafiyar da RAM a gudun 1066 ko da wanda ka saya ya fi haka, don haka kada ka ƙara kuɗi a kan gudu.

Ga abin da nake dubawa kafin sayen RAM na laftof. PC2 na nufin DDR2, mai haƙora 200. PC3 DDR3 ne, haƙora 204, yana aiki da wuta 1.5V. PC3L shi ne na 1.35V, kuma laftof masu furosesa zubi na huɗu shi suke so, in ka sa musu PC3 zalla da yawa ba sa tashi. Tsagin da ke tsakanin haƙoran DDR2 da na DDR3 ba a wuri ɗaya yake ba, in ya ƙi shiga kada ka danna. Manhajar CPU-Z, a sashenta na SPD, za ta nuna maka abin da ke kowane rami ba tare da ka kwance komai ba. Bayan an sa, a bar manhajar gwajin RAM ta Memtest86+ ta zagaya aƙalla sau ɗaya cikakke. RAM na hannu mai rauni ba ya nuna kansa a ranar farko, sai ana cikin aiki sikirin ya koma shuɗi.

Da na koma cikin Windows 7 ɗin, 6GB aka sa amma kusan 3GB kawai take amfani da shi. Haka Windows mai 32-bit take, ba ta kaiwa 4GB. Furosesan 64-bit ne, don haka dole a sake sa manhaja daga tushe.

Na cire faifan ajiyar na sa SSD, wato faifan ajiya mai sauri da ba ya juyawa, mai 256GB, girman inci 2.5, bakin SATA. A ganina in kuɗin mutum na abu ɗaya ne kawai, kuma yana da RAM 4GB, SSD zai saya. Dalili kuwa, in RAM ya cika kwamfuta tana kwashe abin da ba a taɓawa ta ajiye a faifai, ta ɗauko in an nema, kamar mai shanyar hatsi a ƙaramar tabarma da ke ta kai-komo zuwa rumbu. Faifai mai juyawa yana da jinkiri a wannan kai-komon, shi ne daskarewar da kake gani fitilar faifai tana kunne ba ta ƙiftawa. Bakin SATA na wannan kwamfutar zubi na biyu ne, ba ya wuce kusan 300MB a daƙiƙa, don haka SSD mai tsada ba zai ƙara komai ba. A shiga BIOS, allon saitin da ake shiga wajen kunna kwamfuta, a tabbatar SATA yana kan zaɓin AHCI kafin a sa Windows. Tsohon faifan na sa shi a gidan USB, ya zama wurin ajiyar kwafin aikin shago.

Windows 11 na ajiye ta gefe tun farko. Tana neman RAM 4GB, ajiya 64GB, ƙwayar tsaro ta TPM 2.0 da furosesan Intel zubi na takwas zuwa sama. Ana iya tsallake wannan bincike da Rufus, manhajar da ke zuba Windows a filashi, kuma za ta shiga, amma ita kaɗai tana zaune za ta cinye rabin RAM ɗin, kuma ba a yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfutar sabuntawa ba. A kan Core 2 Duo ma zubin 24H2 ba ya tashi gaba ɗaya, domin furosesan ba shi da umarnin POPCNT. Windows 10 za ta yi tafiya da 6GB da SSD, sai dai wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, ƙarin sabuntawar tsaro (ESU) da aka sanar wa masu amfani na gida da suka yi rajista kuma zuwa 13 ga Oktoban 2026 ne. Akwai kuma wasu zubin Windows da ake yawo da su a filashi ana cewa an rage musu nauyi. Ba na sa su. Ba ka san wanda ya yanke su ba, ba ka san abin da ya dasa a ciki ba, kuma a shagon da ake shigar da lambar katin banki ta mutane wannan amana ce.

Sai na raba kwamfutar gida biyu. Na fara sa Windows 7 mai 64-bit a 80GB, da Word da CorelDRAW X7, wanda 2GB kawai yake nema. Na shiga Device Manager na kashe mata Wi-Fi da bakin wayar intanet, ta zama ta aikin zane da bugu kaɗai. Sannan na sa Linux Mint 22 zubin Xfce, babbar manhajar da ke tsayawa a madadin Windows, a 70GB. Yana zuwa da Firefox na yanzu, za a ci gaba da sabunta shi har 2029, kuma yana tashi bai ci 1GB na RAM ba. Ragowar filin na yi masa fomatin NTFS domin ɓangarorin biyu su riƙa ganin fayil ɗaya. Windows ake fara sawa, in aka juya sai ta goge allon zaɓin da ke fitowa wajen kunnawa. A lura kuma faifai mai tsarin MBR ba ya ɗaukar babban yanki fiye da huɗu, Windows 7 kuma tana cin biyu ita kaɗai.

Abubuwa uku suka ɗan ja aiki a Mint. Wi-Fi bai fito ba da farko domin katin na Broadcom ne, yana son diraiba ta daban. Na jona waya da kebul na kunna raba data ta USB, na buɗe Driver Manager, ya kawo ta. Firintarsa HP LaserJet 1020 ce, irin wadda sai kwamfuta ta tura mata 'yar manhajarta duk lokacin da aka kunna, don haka sai da na sa HPLIP, manhajar firintocin HP a Linux, na gudanar da umarnin hp-plugin. Na ukun agogo ne: duk lokacin da aka fito daga Mint zuwa Windows sai ya ja baya da awa ɗaya, domin Linux yana ajiye lokacin duniya, mu kuma muna gaba da shi da awa guda. Umarni ɗaya ya gyara shi, timedatectl set-local-rtc 1.

LibreOffice, madadin Word a Mint, yana buɗe fayil ɗin Word, amma takarda mai teburi da yawa tana iya gocewa in rubutun Calibri ne. Sa rubutun Carlito da Caladea yana rage wannan, domin faɗin haruffansu ɗaya ne da na Calibri da Cambria. Fayil ɗin CorelDRAW kuwa kada ka yi wa kowa alkawari. Inkscape, manhajar zane da ke aiki a Linux, yana buɗe wasu, amma ba yadda aka zana su ba. Na kuma ƙara masa madannan Hausa a Mint domin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Wani amfani da ya samu: bairos ɗin da ke mayar da folda ta zama gajeriyar hanya a filashi ba ya aiki a Linux, don haka filashin kwastoma a Mint ake fara buɗe shi, a kwashe fayil ɗin da ake so kawai.

Na sa uBlock Origin mai toshe talla a Firefox, domin talla ce ke cin RAM da data a shafuka da yawa, na ce wa yaron shagon kada ya tara shafuka a buɗe, bidiyo kuma a bar shi a 480p, tunda katin hoton wancan zamani bidiyo mai tsarin H.264 yake iya warwarewa da kansa, mai tsarin VP9 kuwa furosesa ke ɗaukar nauyinsa har fanka ta fara ihu.

Ba kowace tsohuwa ce ta cancanci wannan ɗawainiya ba. Ƙananan laftof masu Atom N270 ko N450 ba sa wuce 2GB ko me ka yi, N270 ma 32-bit ne zalla, Mint kuwa ya bar 32-bit tun zubi na 20. Irin waɗannan antiX, wani Linux mara nauyi, nake sa musu, tare da zram wanda ke matse abin da ke cikin RAM maimakon kai shi faifai. Za su yi rubutu, karatun PDF da sauraron karatu. Wanda ya kawo mini irinta yana son cike fom a shago, nakan ce masa ya haɗa kuɗin RAM da na SSD ya nemi ta hannu mai Core i5 zubi na takwas, ya duba tana da ramin RAM da ake cirewa kafin ya biya.