Zauren WhatsApp na iyayen masu himofiliya: yadda ake cin moriyarsa

Himofiliya, wato ciwon da jini ba ya saurin tsayawa, tana samun kusan ɗa namiji 1 cikin 5,000. Shi ya sa uwa za ta iya zagaye unguwa ba ta ga mai irin ɗanta ba. Sau da yawa ranar kaciya ake fara ganewa, ko bayan wanzami ya cire beli. Daga nan iyaye suke faɗawa zaurukan WhatsApp da Facebook, wasu ta hannun Gidauniyar Himofiliya ta Najeriya da aka kafa a Kaduna a 2005.

Babban amfanin zauren shi ne sanin inda magani yake. Sinadarin daskarar da jini yana da tsada, galibi tallafi ne daga Hukumar Himofiliya ta Duniya, kuma yakan ƙare a wannan asibiti alhali yana nan a wancan. Mai neman taimako ya rubuta nau'in ciwon (A ko B), nauyin yaron a kilo, gaɓar da ta kumbura, da lokacin da abin ya fara. "Don Allah a taimaka, yaro ba lafiya" sai dai ya jawo addu'o'i, amsa kuwa ta makara.

Inda ake yin ɓarna shi ne rabon kwalaben sinadarin tsakanin iyaye. Sinadarin iri-iri ne, kowanne da lambarsa: mai nau'in A sinadari na 8 yake buƙata, mai nau'in B na 9. In aka musanya, an yi asarar magani kuma jinin bai tsaya ba. Adadin ma da nauyi ake lissafa shi: ma'auni 1 na sinadari na 8 a kowane kilo yana ɗaga shi a jini da kashi 2 cikin 100, na 9 kuwa kusan kashi 1. Wannan lissafin likitan jini ne, ba na shugaban zaure ba. Kwalbar kuma ta zauna a firji tsakanin digiri 2 da 8, ba a ɓangaren da ke yin ƙanƙara ba.

In jini ya taru a gaɓa ta kumbura, kafin a isa asibiti a kwantar da gaɓar, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma minti 15. Paracetamol ba laifi. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini, haka ma allurar tsoka da ƙaho. Yaro ya bugu a ka, ko ya fara amai da barci, a ajiye waya a kama hanyar asibiti.