Sati uku da fara wankin tagogin bene

Ranar farko na ɗauka aikin nan ruwa da sabulu ne kawai. Na hau tsani na watsa wa gilashi ruwa, sai ƙurar hunturun da ta taru a firam ta zama taɓo, ta gangaro ta ɓata farin bangon mutane. Ogana bai yi faɗa ba, tsohon buroshin goge baki ya miƙo min ya ce, "Ƙanena, a bushe ake fara share firam."

Yanzu kwararon alminiyom ɗin da gilashi ke zamewa a ciki nake fara kakkaɓewa, har kusurwoyi, sannan tsumma mai danshi. Sabulun wanke-wanke ɗan kaɗan a bokiti, in ya yi yawa sai ya bar zane. Gefen da rana ke duka kuwa sai ta juya, don ruwan na bushewa kafin ka ja roba.

Tsani mai tsayin mita 4, gindinsa mita 1 daga bango, kuma dole wani ya riƙe. Jiya na miƙa hannu don in kai ƙarshen taga, tsanin ya ɗan motsa. Wallahi saukowa na yi na matsar da shi, ƙafafuna na rawa.