Kafin Ka Ɗaure, Girgiza Turken

Ina cikin wata na huɗu da fara koyon aikin famfo maigidana ya bar ni in canza masai ni kaɗai. Masai ne na zama, irin na tangaran, tsohon ya tsage a gindi yana tsiyayar ruwa. Cire tsohon bai ba ni wahala ba, domin na sha ganin ana yi. Ka rufe famfon da ke kai ruwa tanki, ka ja ruwan ya zube, ka tsane ragowar da soso, ka kwance tiyo da notuna biyun nan na gindi, sannan ka ɗan girgiza shi ka ɗaga. Da ka ɗaga sai ka cusa tsumma a bakin bututun. Kada ka raina tsumman nan. Ruwan da ke kwance a lanƙwasar masai shi ke tare iskar da ke tasowa daga ƙasa, in ka cire masan babu sauran abin da zai tare ta, kuma ba wari kaɗai take ɗauke da shi ba. Ga shi kuma yana hana noti ko sifana faɗawa ciki.

Awo ma na yi shi daidai. Daga bango zuwa tsakiyar bututu inci 12 ne, wanda shi aka fi samu, ko da yake akwai na inci 10 da na 14, akwai kuma masan da bututunsu ta bango yake fita. Wanda ya je sayen sabo bai auna ba, sau biyu zai yi tafiyar.

Inda na yi kuskure shi ne wajen zaunar da sabon. Na ɗora shi a kan zoben kakin da ke toshe tsakaninsa da bututu, na danna, sai na ji yana rawa kaɗan ta hagu. Na ɗauki sifana na ƙara wa notin hagu juyi ɗaya. Bai daina ba. Na ƙara. A juyi na uku na ji ƙas, wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen kara, sai ga tsaga siririya ta tashi daga ramin notin. Tangaran ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi.

Da maigida ya iso bai yi mini faɗa ba. Ya sa muka ɗaga masan tare, ya durƙusa ya kankare kakin, ya nuna mini zoben da ke riƙe bakin bututu da daɓe. Gefensa ɗaya ya karye, tayil ɗin wajen kuma ya ɗan nutse. Ya ce, "Yaro, noti ba ya gyara ƙasa. Abin da za ka ɗora a kai shi za ka fara dubawa."

Ranar na koyi abin da har yau nake bi. Ina fara ajiye masai a wurinsa ba tare da kaki ba, in ga ko yana rawa, in yana yi in cusa 'yan siraran robobi a inda ƙasa ta yi kwari. Notunan biyu ina ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, da zarar ya tsaya cak in janye hannu. Kakin nan sau ɗaya ake danne shi, in ka ɗaga ya tashi aiki, sabo za ka sa. Wajen shafa silikon a gindi kuwa, ina barin bayan a buɗe. Wasu na ganin hakan ƙazanta ne a aiki. Ni ban yarda ba, gara yoyo ya fito fili a gan shi, da ya taru a ƙarƙashi yana cin daɓe ba wanda ya sani.

Ban yi zaton maganar maigida za ta biyo ni waje ba, sai ga shi bayan 'yan makonni an sace kekena, wanda da shi nake zuwa aiki. Kwaɗona mai kyau ne, irin mai kama da kofaton doki, ƙarfensa mai kauri. Amma a tayar gaba na maƙala shi, tayar kuwa irin wadda ake cirewa da hannu ce, ba sai da sifana ba. Na fito da yamma na tarar da tayar ita kaɗai a jikin turke, kwaɗon na nan daram ko ƙwarzane babu. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin keken nan shi ne ƙafata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa da hannuna na bar tsagar.

Daga baya na zauna na nemi sanin yadda ɓarayin keke ke aiki. Wayar nan siririya ta ɗaure keke da mutane ke so saboda ba ta da nauyi, almakashin ƙarfe na datse ta cikin daƙiƙu. Kwaɗo mai ƙarfi ma in ka bar fili da yawa a cikinsa ana zura ƙaramin jak a buɗe shi, in kuma yana kwance a ƙasa ya samu wurin da za a maka masa guduma. A 2004 har an gano cewa wasu kwaɗuna masu ramin makulli zagaye ana buɗe su da bututun biro. Injin yankan ƙarfe mai batir kuwa babu kwaɗon da zai gagare shi in aka ba shi lokaci. Lokacin nan shi kake saye da kwaɗo: ka sa aikin ya yi tsawo, ya yi ƙara, a wurin da idon jama'a yake.

Yanzu kwaɗon yana ratsa firam da tayar baya da turke gaba ɗaya, a matse, sama da ƙasa. Tayar gaba tana da tata sarƙar dabam, domin iri biyu na buƙatar kayan aiki biyu. Lambar keken, wadda ake bugawa a ƙarƙashin firam inda feda ke juyawa, na ɗauki hotonta na ajiye, don ko an tsinci keke ba ka da hujja sai da ita. Kafin in fito da makulli kuma sai na kama turken da hannu biyu na girgiza, na duba gindinsa ko da notuna aka kafa shi, na duba tsawonsa ko za a iya ɗaga keken a zare ta sama. Makon jiya na kama wani sai ya taso a hannuna, ramin ma ba siminti. Na tura keken zuwa wani can gaba.