Zuwa ga iyayenmu masu wankan jarirai a Maraɗi

Assalamu alaikum, iyayena da ƴan'uwana na Maraɗi, daga Bagalam har Tibiri da Madarumfa. Ina gaishe ku daga Faransa, inda nake aikin jinya a sashen tiyatar yara. Takardar ta kowa ce, amma na fi nufin kakanni da ungozomomi, don hannunku ke fara taɓa jariri kafin na likita.

Inna, ranar wankan farko ki juya jaririn ki duba shi sosai. Ana haifar wasu ba su da ƙofar bayan gida, wata kuma kashin ta gaba yake fito mata. Jaririn da ya kwana biyu bai yi baƙin kashin nan na farko ba, ciki na kumbura, yana amai kore, a kai shi asibiti ranar, kada a ce sai an yi suna, kada a ɗura masa jiƙo. Sau da yawa likita kan buɗa masa hanyar kashi ta gefen ciki, bayan wasu watanni a gyara wurin, yaro ya tashi kamar kowa.

Tsagaggen leɓe ana ɗinke shi tun yaro na da wata 3 zuwa 6, idan ya yi ƙwari. Murɗaɗɗiyar ƙafa kuwa filasta ake sa mata mako-mako har ta miƙe, sannan takalmin ƙarfe dare da rana na wata 3, daga nan sai da dare kawai. Asibitin CURE da ke Yamai yana irin wannan aiki tun 2010. Ba iska ba ce, ba kuma laifin uwa ba, a daina ɓoye yaran nan a ɗaki.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙari. Akwai dajin ƙoda da ke kama ƙananan yara, galibi ƴan ƙasa da shekara 5. Yaro na wasansa, ba ya kukan ciwo, sai wajen wanka uwa ta ji wani abu mai tauri a gefe ɗaya na cikinsa. A gida sai mu ce saifa ce, a kira wanzami. Baba wanzami, ina girmama askarka, amma don Allah kada ka tsaga wannan ciki, kada ka yi masa sakiya. Ka ce su je a yi hoton ciki. A nan ana fara ba yaron maganin daji ta jijiya na mako 4, ƙarin ya motse, sannan a cire ƙodar, ɗaya ta ishe shi rayuwa. Wurin da nake jin tsoro ke nan: ciki ya saɓe, iyaye su ga sauƙi, su koma gida ba a yi aikin ba. Ƙarin yana nan, kuma in ya dawo ya fi wuyar magani. Haka idan kuka ga fari a tsakiyar baƙin idon yaro yana ƙyalli da dare, ku nemi likitan ido cikin makon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba su kai kashi 30 ba. Jinkirin zuwa da yanke magani suna cikin manyan dalilai.

Na san tun 2006 aka ce maganin ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a Nijar, na kuma san takardar magani kan koma hannun uba ya je ya saya. Idan aka tura ku Yamai, tafiyar sama da kilomita 600 ce, ga ci, ga masauki na watanni. Alhazanmu na kasuwa, ku da ke gina masallatai, ku ɗauki kuɗin mota da abincin uwa ɗaya mai jinyar ɗa. Ku kuma matan adashi, ku riƙa ware kwasa guda saboda irin wannan tafiya.

Wassalam, ƴarku da ke Faransa.