Tagar da na saya a Kogin Nilu

Likitan ƙashi ya ba Hajiya, uwargidana, kwana goma sha biyu kafin ta koma ya sake duba gwiwarta, zaman Alƙahira kuwa ba aikin fari ba na baƙi yana cin aljihu yana cin rai. Ɗan ƙanena da ke karatu a Azhar ne ya kawo shawara. Ya ce, "Baffa, maimakon ku zauna kuna kallon bango, ku gangara kudu mu shiga jirgin ruwa daga Luksor zuwa Aswan. Kwana huɗu ne, ci da sha da makwanci duk a ciki. Hajiya ba sai ta yi yawo ba, tana zaune garuruwan za su riƙa zuwa suna wuce ta."

Wannan magana ta ƙarshe ce ta kama Hajiya. Ni kuma daga nan na ƙudura cewa in dai tana zaune za ta ga duniya, to ɗakin da za ta zauna shi ne tafiyar gaba ɗaya, kuma ba zan bari a zaɓa mana ba.

Washegari muka je wani ofishin masu shirya tafiye-tafiye kusa da dandalin Tahrir. Mutumin ya kawo shayi, ya juyo mana da kwamfuta, ya shiga nuna hotuna: gado fari tas, labule a zuge, taga tun daga ƙasa har sama, ga kogi shuɗi ga dabino. Na tambayi farashi ya faɗi iri uku. Na ce ya nuna min ɗakin mai araha da na mai tsada in ga bambanci. Ya sake buɗe wannan hoton dai. Da na yi magana sai ya yi dariya ya ce ɗakunan duk girmansu ɗaya, gado ɗaya, banɗaki ɗaya, hawan bene kawai ake saya.

Na roƙe shi zanen jirgin, ya lalubo a waya. Hawa huɗu ne sai rufi. Na ƙasa can shi ne ɗakin cin abinci da 'yan ɗakuna kaɗan waɗanda tagoginsu ke dab da ruwa, ba sa buɗuwa. Na biyu nan ne ƙofar shiga da teburin karɓar baƙi. Na uku akwai falon shaƙatawa. Na huɗu ɗakuna zalla, su ne masu tsada. A rufi kuma kujerun shan iska da ɗan ƙaramin wurin wanka.

Ban tsaya wani tunani ba na ɗora yatsa a hawa na huɗu. Araha ba ta ado, in ji masu magana, kuma ni ban kawo uwargida Masar don in saka ta a ƙarƙashin ruwa ba.

Yaron ya yi shiru, sannan ya tambayi mutumin da Larabci ko jirgin yana da lif. Babu. Yawancin jiragen Nilu ba su da shi, da matakala ake hawa ana sauka. Ya juyo ya ce, "Baffa, a yi haƙuri, mu yi lissafi. Abinci sau uku a rana, kuma a hawan ƙasa yake. Daga na huɗu bene uku ne sauka, uku hawa. Bene goma sha takwas ke nan kullum, a kan gwiwar da muka zo gyarawa." Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, amma ranar ni ne a kan rimin kuma ban ga komai ba.

Da mutumin ya lura ba za mu biya mu tashi haka nan ba, sai ya saki jiki ya fara gaya mana abin da ba ya cikin hoto. Hawa na huɗu yana ƙarƙashin rufi, tun asuba ma'aikata ke jan kujeru a kan mutum. Ɗakunan da ke maƙwabtaka da falo suna shan kiɗa, musamman daren da Turawa ke sa jallabiya su yi rawa. Mafi muni kuwa ɗakunan baya, ko a wane hawa, domin can inji yake da janareto, ga ƙugi ga warin gas. Ya ce gara ɗakin gaba a hawa mai araha da ɗakin baya a mai tsada.

Saura dama ko hagu. Nilu daga kudu yake gangarowa arewa, don haka mai zuwa Aswan ruwa yake haurawa, fuskarsa kudu. Tagar dama yamma take kallo: faɗuwar rana mai kyau, amma daga azahar zafi na dukan gilashi. Ta hagu gabas take kallo. Mu a gida in an ce gabas an ce alƙibla, amma daga Luksor Makka tana kudu maso gabas, wato muddin jirgi na kallon kudu, alƙibla tana kusurwar gaba ta hagu. Na zaɓi hawa na biyu, gaba, hagu. Bene ɗaya zuwa abinci, babu bene zuwa ƙofar fita.

Nan gardama ta tashi. Mutumin ya ce shi hawa yake sayarwa, lambar ɗaki kuwa sai ranar shiga masu karɓar baƙi ke rabawa. Na ce to ya rubuta a takardar biya. Ya ce rubutun ba ya ɗaure kowa. Na ce ya dai rubuta. Ya rubuta da Larabci da Turanci ya buga hatimi, yana kallona kamar mai cewa wannan Alhajin da naci yake. Ɗakin yaron kuma, tunda shi kaɗai zai kwana, sai da aka ɗora mana ƙarin kuɗin mutum guda, ya kuwa ce shi a ba shi na ƙasan, ko kusa da inji ne ba ruwansa.

Jirgin ƙasan dare muka bi, muka wayi gari a Luksor cikin sanyin Fabrairu mai shiga ƙashi. Kafin ƙarfe tara muna bakin kogi, alhali sai wajen azahar ake ba da ɗakuna. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne ban ga jirginmu ba. Jiragen a jere suke gefe da gefe, ɗaure da juna, na farko ne kaɗai ke taɓa gaɓa. Ta cikin falon wani jirgi muka ratsa, muka tsallaka wani, sannan muka shiga namu na uku, bayanmu kuma akwai na huɗu.

Saurayin da ke kan tebur ya duba sunanmu ya miƙo makulli. Na ce kafin a kai kaya bari in gani. Muka bi dogon lungu har ƙarshensa, ɗaki na biyun ƙarshe ta baya. Ko kafin a buɗe ƙofa tafin ƙafata ya gaya min inda muke, ƙasa na rawa a hankali. A kan tebur akwai kofin gilashi biyu a kife, suna taɓa juna suna wani siririn ƙara ba tsayawa. Na tsaya na saurare su na ɗan lokaci, na ce kwana huɗu da wannan ba zai yiwu ba.

Muka koma. Ya ce jirgi a cike yake, ma'alesh, wato a yi haƙuri. Na fito da takardata mai hatimi. Ya karanta ya ɗaga kafaɗa. Yaron ya matso ya shiga magana da shi da Larabcin kan titi wanda ni ko rabi ban tsinta ba, sai dai na ji ana ambaton gwiwa da likita da Azhar. Saurayin ya leƙa ya ga Hajiya zaune riƙe da sanda, ya ce, "Salamtik ya Hajja," wato sannu Hajiya. Ya juya littafinsa. Ashe ayarin da aka ware wa ɗakunan gaba sai yamma za su iso, kuma babu wanda ya san lambarsa a cikinsu. Ya goge ya sake rubutawa. Har yau ina ganin sammako ya fi hatimin aiki, ko da yake ba don takardar ba da ban samu bakin magana ba.

Ɗakin gaba shiru kamar masallaci bayan isha. Na je da alfahari na zuge labule don Hajiya ta ga abin da na yi mata faɗa a kai. Bangon wani jirgi ne, fari, ko kamu uku bai kai ba tsakaninmu, da tagarsa daidai tamu, da wani Bature a tsaye yana goge baki. Ya ɗaga min hannu. Na mayar da labule.

Hajiya ta ce, "Alhaji, wannan ce tagar?"

Abin da babu wanda ya gaya min shi ne tsakanin Luksor da Aswan kilomita ɗari biyu ne da 'yan kai. Jirgi ba ya buƙatar kwana huɗu. In aka tara sa'o'in da yake tafiya da ƙyar su wuce yini da rabi, sauran duk a ɗaure yake, kuma in a ɗaure yake tagarka ta maƙwabcinka ce, sai in Allah ya sa ku ne a can waje. Wannan ba ya cikin abin da kuɗi ke saya, ya danganta da wanda ya riga isowa da wanda zai riga tashi. Daren farko haka muka kwana labule a rufe. Ni da yaron muka je Karnak, tsohon haikalin fir'aunoni da ke Luksor, muka yi ta yawo cikin ginshiƙansa 134 har wuyana ya ƙage, muka dawo muka tarar da ita tana lazimi da fitila a kunne da rana tsaka.

Rana ta biyu bayan azahar aka kwance igiyoyi. Jirgin da ke gefenmu ya ja baya, haske ya faɗo cikin ɗakin gaba ɗaya. Na ja gilashin gefe, iska mai ƙamshin ruwa da ciyawa ta shigo. Kowa ya ruga rufi, ni ma na hau na ɗan jima, amma daga can sama komai ƙanana yake kamar a talabijin. Da na sauko sai na ga abin da hawa na biyu ke da shi. Ruwa yana nan ƙasa da mu kaɗan, gaɓa kuma daidai ido. Hajiya ta jawo kujera ta miƙe ƙafa a kan gado tana lissafa min abin da ya wuce: gonakin rake, ayaba, wani tsoho a kan jaki da damin ciyawa, baƙaƙen shanun nan masu kama da ɓauna kwance cikin ruwa, masunta biyu a kwalekwale, ɗaya na tuƙi ɗaya na dukan ruwa da sanda don kora kifi cikin koma. Da ta hango goruba tsakanin dabino sai ta yi shewa kamar ta ga 'yar uwa. Bayan koren kuma, ba nisa, rairayi da duwatsu, wani wurin ma kana iya ganin inda noma ya tsaya hamada ta fara kamar an ja layi.

Dab da magariba muka iso Isna, inda madatsa ta tare kogi, jirage ke bin layi su shiga ƙofar ruwa da suke kira hawis, a rufe, a cika ruwa ya ɗaga su zuwa tudun gaba. Muna jiran layi sai ga 'yan kwalekwale sun kewaye mu, suka ɗaura igiya a jikin jirgi, suna ƙwala kira suna jefa jallabiya da mayafin tebur a ƙunshe cikin leda har rufi. In kana so ka sa kuɗi a ledar ka jefo, in ba ka so ka mayar da kayan. Mu da ke ƙasa ba sai an yi jifa mai nisa ba. Wani ya ga tagarmu a buɗe ya cillo leda ta faɗo kan sallayata. Hajiya ta warware, ta murza yadin tsakanin yatsu biyu kamar tana Kantin Kwari, ta ce da yaron ya gaya masa rabin rabin abin da ya faɗa. Aka yi ta ja, shi yana rantsuwa daga cikin ruwa ita tana girgiza kai daga kan kujera, har jirgi ya fara motsi ya sallama. Cikin hawis ɗin kuwa bangon siminti mai gansakuka ne ya rufe tagar, muna kallo yana nutsewa sannu a hankali har fitilun gari suka bayyana.

A Idfu muka kwana, an sake manna mu da wani jirgi. Da safe masu keken doki suka kwashi mutane zuwa haikalin Horus, ɗaya daga cikin gumakan Masarawan dā, ban daɗe ba na dawo. Tafiyar yini zuwa Kom Ombo ita ce mafi daɗi, musamman wajen Jabal Silsila inda kogi ke matsewa tsakanin duwatsun da fir'aunoni suka sassaƙo na gininsu, har yanzu ana ganin sawun yanka a jikinsu. A nan na gane lissafina na alƙibla rabinsa ne daidai, domin kogi ba ya tafiya a miƙe. Na tayar da la'asar ina kallon kusurwar taga, kafin in sallame rana ta koma wani gefen. Haikalin Kom Ombo yana bakin ruwa, 'yan taku kaɗan daga jirgi, shi kaɗai Hajiya ta taka da ƙafarta, ta ga busassun kadoji a gidan ajiyarsu. Mai yi mana bayani ya ce kada ta damu, tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970 kadojin suna can bayanta a tafkin Nasir. Da muka koma ɗaki mai gyaran gado ya naɗe tawul ya yi siffar kada, ya sa masa tabarau na.

Yaron fa? Da na leƙa nasa ɗakin na ƙasa, ruwa na lasar gilashi, inji na gurnani, shi kuwa yana ta sharar barci da littafi a ƙirji. Ya ce bai taɓa samun barci irin wannan ba tun da ya zo Masar.

Cikin dare muka shiga Aswan. Na farka da asuba na zuge labule ba tare da sa rai ba, sai na ga babu kowa a gefenmu. Jirgin ya juya kafin ya ɗaure, mu ne na can waje, tagarmu ta koma kallon yamma: ruwa, baƙaƙen duwatsu, tudun rairayi da ke fara yin ja, da wani jirgin filafilai guda yana tsallakawa. Na ta da Hajiya. Aka kawo mata karkade mai zafi, ta kurɓa ta ce zoɓo ne dai, sukarin ne ya yi yawa. Muka zauna har rana ta fito sosai. Wajen ƙarfe goma wani jirgi ya taho a hankali, ma'aikatansa suka jefo igiya, inuwarsa ta rufe ɗakin. Hajiya ta ajiye kofi ta ce in miƙo mata sandarta, yau za ta gwada hawa rufi.